Wayar Shingen da Na Ƙi Lodawa

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, amma gara in gaya muku tun yanzu, da ɓacin rai nake rubuta shi. Ranar sunan ɗiyar 'yar'uwarku Hadiza ina zaune a zaure na ji kawunku Sani, da muryar nan tasa da ba ta san sirri ba, yana ba baƙi labari wai ubanku ya taɓa kama arziki a Dubai da hannu biyu, ya sake shi saboda zuciyar Buzu. Aka kwashe da dariya. Ku ma kun yi, kada wanda ya musa mini, na ji muryar Ilyas a ciki. Ban tanka ba don gidan biki ne, kuma Sani ƙanen uwarku ne, ba zan kunyata shi gaban surukai ba. Amma na kwana da abin, na tashi da shi. Ban ga laifinku sosai ba, tunda ban taɓa zaunar da ku na gaya muku yadda aka yi ba. A Damagaram kuka tashi, Hausa kuka sha a nono, Tamashek ɗinku bai wuce gaisuwa da zagi ba. To ga shi nan da Hausar taku.

A bakin rijiya aka haife ni, arewa da Ingal, inda babu gona ko ɗaya sai ciyawa in Allah ya kawo ruwa. Kakana Ilyas, wanda na sa wa yayanku sunansa, shi da ƙannensa suka haƙa ta da hannu, ɗaya daga cikinsu ma a ciki ya rasu da ƙasa ta rufto masa. Rijiyar Ilyas kowa yake ce mata. Don zurfi, raƙumi ne yake jan guga, sai ya yi nisa har ka daina jin muryar mai kora shi kafin ruwa ya iso baki. Mu muke yashe ta, mu muke sake itacen bakinta, tambarin raƙumanmu ne a ƙone jikin gwafarta. Ba a taɓa tambayar ta wa ce ba, kamar yadda ba a tambayar yaro ɗan wa ne alhali yana goye a bayan uwarsa. Sai dai akwai wata al'ada da nake so ku fahimta, don a kanta komai ya rataya. A wurinmu mai rijiya ba ya hana ruwa, ba ya sayarwa, kuma ba ya bari a roƙe shi. Baƙo in ya zo, ko Bafillace ne da shanunsa, ko Balarabe, ko wanda kuka yi faɗa da shi bara, zai jira dabbobin gida su sha, sannan a miƙa masa igiya ba tare da an ce masa komai ba. Wanda ya hana ruwa, 'ya'yansa mata sai su tsufa a tantinsa. Mahaifina, Abba muke ce masa, ya riƙe wannan abu fiye da kowa. Na sha ganin ya janye namu awakin suna kuka don na baƙo sun fi galabaita.

Ni aka tsinta aka ba lakwal, wato makarantar boko, lokacin da gwamnati ta ce kowane zango sai ya ba da yaro. Can na koyi Faransanci, can kuma na rabu da kiwo. Na yi yaron mota, na yi malamin sito a Agadas, na auri uwarku, daga baya Alhaji Sammani mutumin Maraɗi ya ɗauke ni zuwa Dubai. Ofishin kago, na aika kaya, yake da shi a unguwar Naif, ɗan ɗaki a saman shagon takalma, da kuma sito a Al Khabaisi. 'Yan kasuwarmu su sayi kaya su kawo mana, mu auna, mu cika kwantena, jirgin ruwa ya kai Kwatano, daga nan motoci su haura da shi Nijar. Ni ne mai tsayawa a kan lodi. In ban ce yalla ba, wato mu je a Larabcin can, ba a rufe ƙofar kwantena. Bizata da sunan ofishinsa take, fasfona kuma a cikin durowarsa yake kwana, haka tsarin garin yake. Alhaji mutumin kirki ne, ba zan ɓata shi a takarda ba, bai taɓa riƙe mini albashi ba. Da wannan albashi nake ciyar da gida biyu, naku a Damagaram da na Abba a daji, don tun bayan manyan fari dabbobinmu ba su sake komawa yadda suke ba. Shinkafa da shayi da sukari da maganin idon Abba, duk daga Deira, inda nake zaune a Dubai, suke fitowa.

Da na ɗan zauna da gindina sai na sayi tarho irin mai kama tauraron ɗan'adam na aika wa yayata Tima, wadda ta dawo tantin Abba bayan mijinta ya rasu. Abba ba ya son abin, in an miƙa masa sai ya riƙe shi nesa da kunne yana ɗaga murya. Wata Juma'a cikin rani na kira, Tima ta ce mini sun yi baƙi. Wasu mutane ne da motoci farare, da Bature ɗaya da 'yan ƙasa, suna kafa wani abu mai ƙafa uku suna leƙawa, suna tona ƙasa suna zubawa a jaka. Sun kafa tanti kusa da rijiya, kullum suna cika tankinsu. Abba har ya yanka musu akuya. Ni na zauna a Agadas, na san abin da ke biyo bayan masu awo. Na ce ta ba ni shi.

"Abba, mutanen nan ma'adini suke nema. Ku daina ba su ruwa haka nan. Ku ce sai sun rubuta takarda cewa rijiyarku ce, da izninku suke sha."

Ya ce, "Agali, abin da Dubai ta koya maka ke nan? In sa mai ƙishirwa ya yi rubutu kafin ya sha?"

"Ba masu ƙishirwa ba ne, Abba."

"Na ga leɓensu, kai ba ka gani ba. Baƙo raɓa ne, rana na fitowa zai tafi. Kada ka sake gaya mini wannan magana, mutane na ji."

Ya miƙa wa Tima tarhon. Haka suka shayar da su rani guda cur.

Raɓar ba ta tafi ba. Bayan damina aka kira shugabannin zanguna taro a gari, aka gaya musu an ba wani kamfani yankin gaba ɗaya, za a kewaye wani ɓangare, kuma rijiyar na ciki. Tima ce ta raka Abba saboda idonsa, ita ta ba ni labari, tana yi tana tsayawa don kuka. Ta ce Abba ya miƙe, ya ce rijiyar ubansa ce. Wani jami'i mai farar riga ya amsa masa da ladabi, ya ce Baba, ƙasar da ba a noma ba ta gwamnati ce, kuma masu awo sun ba da shaida cewa rijiyar nan ba ta da murfi, ba ta da shinge, kowa na sha, su kansu sun sha wata da watanni ba wanda ya nemi ko sisi, ba wanda ya ce su nemi izni. Rijiyar da take haka, in ji shi, ta jama'a ce, abin jama'a kuwa hukuma ke da iko da shi.

Abba ya ce, "Wato da na hana su ruwa, da ta zama tawa?"

Jami'in ya ce, "Da dai an san akwai mai ita."

Tima ta ce Abba ya ja rawaninsa har ƙarƙashin ido ya zauna. Ku duba wannan abu da kyau, 'ya'yana. Ba da bindiga aka ƙwace rijiyarmu ba. Da mutuncinmu aka kama mu, abin da muke taƙama da shi shi aka mai da hujja a kanmu. Wallahi har yau in na tuna sai in ji abinci ya fita raina.

A shekarar ne kuma rikici ya sake tashi a arewa, samari suka hau duwatsu da bindigogi, soji suka cika hanyoyi. Ni ban taɓa riƙe bindiga ba, kuma ban yarda da masu dasa nakiya a hanyar da talaka ke bi ba. Amma a lokacin, in kai Buzu ne ka buɗe baki ka ce ƙasarmu, to an gama yi maka suna. Har a Naif, wurin mai shayin da muke taruwa bayan la'asar, sai ka ji an ce, "Ga ɗan tawaye nan, ku ɓoye motocinku." Wasa ne, ina dariya, amma wasan yana da ƙaya. Tsofaffinmu sun je wurin hukuma sun dawo, sun sake zuwa sun dawo. Wanda ya matsa da yawa sai a tsare shi a ce yana ba 'yan tawaye ruwa. To a rijiyar da ba a hana kowa, wa zai rantse bai ba su ba?

Ana cikin haka sai ga Lawali ya sauka Dubai. Tare muka yi lakwal, benci ɗaya, yanzu ya zama ɗan kwangila a Yamai, ya yi tumbi, yana ta ƙamshin turare. Ya rungume ni a tsakiyar titi yana cewa, "Camarade! Buzuna!" Na yi murna da ganinsa ƙwarai. Ya ce kwangilar shinge ya samu, yana son waya mai ƙaya, da turakun ƙarfe, da ƙofa babba, da injin jan ruwa. Ni na zaga da shi. Ni na kai shi wurin masu ƙarfe, ni na yi masa ciniki da Larabcina na kasuwa har mai shagon ya ce khalas, ɗauka, kun kashe ni. Mun hau abra, ɗan kwale-kwalen fito, mun tsallaka ruwa mun ci kifi, muna tuna malamin da yake dukanmu da igiyar injin. Ban tambaye shi inda za a kafa shingen ba. Mai lodi ba ya tambaya, kaya dai kaya ne.

Ranar lodi, da hantsi, zafi ya riga ya sauko. Kwantena na tsaye a bakin sito a buɗe, leburori sun jero naɗin wayar a ƙasa, tana ƙyalli har tana kashe ido. Ina duba yadda za a fara jera turakun, Lawali na gefe yana fifita da hularsa, sai ya ce, "Kai ma fa ka san wurin, ai wajenku ne. Daga Agadas sai an yi yamma, wata tsohuwar rijiya, Rijiyar Ilyas suke ce mata. Hanyar ce ke ba ni tsoro, ko ka san direban da zai yarda ya shiga?"

Na zauna a kan wani kwali. Na dubi wayar nan, ni na zaɓe ta, ni na ce wa mai shago ya ba mu mai kauri wadda raƙumi ba zai iya turewa ba. Da bakina na faɗi haka.

Na ce, "Lawali, ka san sunan kakana?"

Ya dube ni, ya daina fifita. Ba wawa ba ne, nan take ya gane. Ya ce, "Innalillahi. Wallahi camarade ban sani ba." Na yarda bai sani ba. Sai ya ƙara da cewa, "Amma ka ga, ni kwangila aka ba ni. In ban yi ba wani zai yi."

Na miƙe na ce wa leburori su tsaya. Babbansu, wani Bapakistane mai jan gemu, ya ce, "Yalla ko shwaiya?" wato mu je ko mu dakata. Na ce babu yalla yau. Na ja ƙofar kwantena na rufe ta babu komai a ciki.

Kafin azahar Alhaji Sammani ya iso sito da kansa, abin da ba ya yi. Ya ja ni inuwa, ya riƙe hannuna. Ya ce, "Agali, na ji, kuma wallahi na tausaya. Amma ɗana, waya ce fa kawai. Ba kai ka ba da ƙasar ba, ba kai za ka kafa ba. Faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa. Je ka gida ka kwanta, ni zan tsaya a loda, ba sai ka gani ba."

Na ce, "Alhaji, in an loda a sitonka, da hannuna aka loda, ko ina kwance ko ina tsaye."

Ya ce, "To me kake so in yi? In kori mai kaya?"

Na ce, "E."

Ya saki hannuna ya ce in je in yi tunani, gobe Juma'a, ba za a taɓa kayan ba sai Asabar.

Ɗakinmu a Deira mu huɗu ne, amma wanda muka fi shaƙuwa shi ne Malam Bala, Bakano, akanta a wani kamfani, mutum mai sanyin magana. Bayan mun sauko daga masallaci muna cin shinkafa a faranti ɗaya na ba shi labari. Ya ajiye cokali. Ya ce mini kakarsa ta wajen uwa Bagwariya ce, ƙauyensu na nan inda aka gina babban birnin ƙasarsu, an kwashe su a mota aka kai su wani fili, har ta mutu tana cewa a mai da ita gida. Na zaci zai ce in tsaya a kan bakana. Sai ya ce, "Malam Agali, don na san abin nake gaya maka. Ba su fasa ba don kakata ta yi kuka. Wayar nan za ta tafi, ko da kai ko babu kai. Abin da ke hannunka shi ne bizarka. Ka riƙe ta."

Na fita baranda na kira uwarku. Lokacin tana da cikin Amina, ya tsufa. Ina jin muryoyinku a bayanta, Ilyas da Hadiza kuna faɗa a kan wani abu. Na gaya mata komai. Rabi ba mai yawan magana ba ce, kun san ta. Ta ce, "Maigida, ni ban taɓa ganin rijiyar nan ba. Na san tana da girma a wurinka. Amma yaran nan ba rijiya suke ci ba. Shi kansa Abba, buhun da yake ci daga ina yake zuwa?" Na ce na sani. Ta ce, "To ka tuna da mu, shi ke nan abin da zan ce." Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Gaskiya ta faɗa, kuma kada in ji wani cikinku ya ga laifinta.

Abba kam ban kira shi ba. Na san ba zai ce in yi ba, ba zai ce in bari ba, mu ba ma roƙon 'ya'yanmu. Na tsaya a barandar nan ina kallon masu tura kaya a lungu, ina ta auna abin. Duk abin da suka faɗa daidai ne. Amma na kasa ganin yadda zan ci gaba da aika wa Abba shinkafa da kuɗin lodin wayar da za ta raba shi da rijiyar ubansa, ya ci bai sani ba. Mu an ce ba mu da takarda, ba mu da shinge, ba mu taɓa cewa a'a ba, don haka ba mu da komai. To ni ga a'a ɗaya ta faɗo hannuna, ƙarama, a wani sito a ƙasar mutane. Na ce sai na faɗe ta.

Kuma ban tsaya a kaina ba, nan ne Sani yake cewa na yi hauka. Ranar Asabar tun da safe na bi ofisoshin kago na 'yan Nijar da ke Naif ɗaya bayan ɗaya, ina hawa bene ina sauka. Duk na san su, mun sha shayi tare shekara da shekaru. Na gaya musu abin da wayar nan za ta yi, na ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in Alhaji ya ƙi kada ku karɓa. Wasu suka ce Allah ya kyauta, suka ci gaba da danna kwamfuta. Wani ya ce in fita masa daga ofis kafin a ce da shi ake tawaye. Amma wasu sun amsa. Wani dattijo Bazabarme, wanda ko Hausa bai iya sosai ba, ya ce gonar ubansa ma haka aka yi mata a bakin kogi, ya ce ko an cika masa ɗakin nan da zinariya ba zai taɓa ba. Alhaji Sammani da ya ga haka, kunya ta kama shi, ya ce wa Lawali ya nemi wani wuri. Wayar nan ta yi kwanaki a zube bakin sito tana shan rana, babu ɗan Nijar da ya ɗauka. Ba zan ɓoye muku ba, a kwanakin nan na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Har na fara tunanin ko za a fasa.

Ba a fasa ba. Lawali yana da wa'adi, kuma yana da mutane a sama. Ya zo ofis ya rufe ƙofa da Alhaji, ina waje ina jin tashin muryarsa. Ya ce in ya koma Yamai zai faɗa cewa ofishin Alhaji Sammani ya zama sansanin 'yan tawaye a Dubai, a nan ake hana kayan aikin gwamnati tafiya. Ya ce daga ranar duk kwantenar da ke da sunan Alhaji sai ta ruɓe a kan iyaka. Ya fito ya wuce ni, bai dube ni ba. Wayar kuwa wani ofishi ya kai ta, na mutanen da ba su san Nijar ba balle Ingal, suka loda ta cikin yini ɗaya.

Alhaji ya kira ni. Fasfona na kan tebur. Idonsa ya yi ja, ya ce, "Agali, kayan mutane ne a hannuna, amanar mutum fiye da ɗari. In na riƙe ka na kashe su. Ka yafe mini." Na ce babu komai, Alhaji. Ya soke bizar, ya saya mini tikiti, ya ƙara mini da abin da ya ƙara. Malam Bala ne ya raka ni filin jirgi, ya riƙe mini jaka, bai ce ai na gaya maka ba, Allah ya saka masa. A Yamai jandarmomi suka ɗauke ni daga saukata, maganar Lawali ta riga ni isa. Sun tsare ni har Amina ta zo duniya ba na nan, ranar sunanta ma ina ɗaki ɗaya da ɓarayin awaki. Da suka ga ba su sami komai ba suka sake ni, amma fasfon bai dawo hannuna ba. Abin da ya biyo baya kun san shi, a cikinsa kuka girma: cire Ilyas daga makarantar kuɗi, sayar da filin uwarku, teburin da na kafa a bakin tasha.

Sai da hanya ta ɗan lafa na samu na shiga daji. Tun daga nesa na hango shingen, ya miƙe iyakar ganin ido. Zangonmu ya koma can gefe, a wani fako marar inuwa, ruwa sai an yi tafiyar yini a kan jaki zuwa wata rijiya da mutane suka yi wa yawa. Awaki sun ƙare saura kaɗan. Abba ya rame har rawani ya yi masa yawa, idon kuma ya tafi gaba ɗaya. Na gaishe shi, ya shafa fuskata. Tima ta riga ta ba shi labarin Dubai. Ita kam ba ta rufe ni ba, tana dama gari tana cewa, "Rijiya ta tafi, aiki ya tafi. Da ka loda abinka, da yanzu ko shayi muna da shi. Wa ka taimaka, Agali? Gaya mini mutum ɗaya." Abba ya ɗaga mata hannu ta yi shiru.

Ya ce, "An ce ta yi kwanaki a ƙasa ba wanda ya ɗauka."

Na ce, "Haka ne, Abba."

"Har da Hausawa da Zabarmawa suka ƙi?"

"Har da su."

Ya daɗe yana gyaɗa kai. Sannan ya ce, "To an san akwai mai ita."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan maganar, bai sake tayar da ita ba. Bai kai damina ba ya rasu, ina wurin. Kaburburan gidanmu, na kakana Ilyas da ƙannensa da uwata, duk suna kan wani ɗan tudu gabas da rijiya, cikin shinge. Muka ɗauke shi muka je ƙofar. Mai gadin yaron zangon maƙwabta ne, Abba ya sha shayar da raƙuman ubansa. Ya tsaya ta ciki yana hawaye, ya ce ba shi da mabuɗi, sai an kira Agadas, Agadas kuma sai ta kira Yamai. Muka jira, rana ta take, gawa ba ta jiran Yamai. Liman ya dube ni, ni ne babban namiji. Na ce a haƙa nan.

A gindin wayar muka haƙa, iyakar kusancin da za mu iya. Ni na shiga ramin na karɓe shi. Da na ɗago zan fito, ƙayar ta kama mini rawani ta baya, sai da ɗan Tima ya zo ya ɓanɓare ni. Daga inda yake kwance ana hango tudun da uwata take, ba nisa, in ka yi kira za a ji.